Kifin Tafkinmu a Ma'aunin 'Yata

Ni masunci ne, ubana ma masunci ne. Garinmu yana gabas da Haɗeja, inda kogi yake bazuwa cikin fadama idan damina ta yi nisa. Ruwa ya ci gidana, na sake ginawa, ya sake ci, na sake ginawa. Na binne 'ya'ya, na binne ƙanne. Ban yi boko ba. Ba ni da yawan magana, kuma mutanen garinmu sun san ni da haka.

Muna da tafki na gari. Idan ambaliya ta janye, kifi yakan maƙale a cikinsa, sai sarkin ruwa ya sa doka: ba koma, ba taru, ba ƙugiya, har ranar da zai ce a yi su. Ranar su kowa yakan hau goransa ya shiga, abin da Allah ya ba ka naka ne. Wanda ya saci jiki ya kama kifi kafin ranar, a karɓe komarsa. Wanda ya zuba guba kuwa, a karɓe gora da koma, kuma ba zai ƙara tsoma ƙafa a ruwan garin ba har ya mutu. Ni ban san wata sana'a ba, ban kuma taɓa tunanin koyon wata ba.

Ina da 'yar gonar shinkafa a bakin tafkin. A shekarar da nake magana, ciyawa ta fi ƙarfin hannuna, sai na sayo maganin feshi a kasuwar Haɗeja kamar yadda kowa yake yi. Na fesa da yamma. Na wanke injin feshin a kan tudu, can bayan gona. Da zan tafi gida na bi ta gefen tafkin da injin a bayana, domin hanyar ke nan. Maƙwabcina a gona ya gan ni, muka gaisa.

Ba a daɗe ba, wata safiya muka tashi tafkin ya yi fari. Karfasa da kawara sun juya ciki sama. Waɗanda ba su mutu ba suna ɗaga baki a saman ruwa kamar masu roƙo. Ruwan ya yi baƙi-baƙi, yana wari. Gari ya taru a bakin gaɓa. Maƙwabcina ya faɗi abin da ya gani, kuma bai yi ƙarya ba: ya gan ni da injin feshi a bakin ruwa.

Sarkin ruwa tsoho ne, tare suka yi su da ubana. Bai so abin ba. Ya ce in kawo gorana da komata a ajiye a zaurensa har a bincika. Na kai. Goran nan ubana ne ya bar min shi, cikina ya goge bayansa har yana sheƙi. Na jingina shi a bango, na fito.

Abin da ya fi ci min rai shi ne ni kaina ban tabbata ba. Guba dai ban zuba ba. Amma wa ya san ko maganin gonata ya bi ta ƙarƙashin ƙasa ya gangara? In haka ne, to ni na kashe kifin garinmu, ko da ban nufa ba.

Muna da 'ya a Kano, ita ce ta fari. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna masa so a gaban mutane. Da aka yaye ta sai yayata ta ɗauke ta zuwa cikin Haɗeja, ita ta sa ta makaranta. Ta yi ta karatu har ta zama mai gwajin sinadarai a wani ɗakin bincike. Ni ma ba na kiran sunanta, amma in ta bugo waya nakan amsa. Uwarta kuwa, ko an miƙa mata wayar sai ta ce hannunta da aiki, ta bar wurin. Amma duk motar da za ta Kano sai ta sa mata ƙulli: kifin banda, yaji, daddawa, kuka. Da ƙullin nan take mata magana tun tana 'yar makaranta.

Goggonta ce ta faɗa wa yarinyar abin da ya faru, sai ta bugo a ranar.

"Baba, ka zuba?"

"A'a."

"To. Akwai sauran kifin da bai ruɓe ba?"

"Akwai masu sauran rai."

"A ɗebo min su. Ɗanye nake so, kada a fasa cikinsu, kada a wanke. A sa su cikin kula, a zuba ƙanƙara, a ba direba. Muna da na'urar da za ta duba."

Na ce to. Na nemi izinin sarkin ruwa, ya sa aka kwaso min cikin kwarya. Na ajiye a tsakar gida na ce da uwarta, "Yarinyar nan tana son kifin tafki." Iyakar abin da na faɗa ke nan. Na hau babur zuwa Haɗeja neman ƙanƙara, domin garinmu babu.

Da na dawo, tun daga nesa na hangi hayaƙi a gidana. Na shiga na tarar ta fasa su, ta wanke tas, ta barbaɗa gishiri, ta jera a kan waya, wuta tana ci a hankali. Sun fara yin ja. Matata ta iya banda, duk yankinmu an sani. Na tsaya da ƙanƙara a hannu tana ɗiga a kan ƙafata.

Na ce, "Ɗanye ta ce."

Ta ce, "Ba ka ce ba."

"Gwadawa za ta yi."

"To ta gwada mana. Malam, tun da nake, ka taɓa ganin na aika wa yarinyar nan ɗanyen kifi? Ya isa Kano yana wari, a gaban abokan aikinta, a ce daga gidan uwarta ya fito?"

"Ina hanjin?"

Ta nuna da haɓa. Agwaginta suna kwance a inuwa, sun ƙoshi.

Ta ce, "Ga su nan. In da guba ai da ka gani."

Na koma tafki, amma rana ta riga ta gama da sauran. Abin da bai kumbura ba, shirwa da balbela sun ɗauke. Washegari na ba direba bandar, domin babu wani abin aikawa. Ta haɗa da ƙullin yaji, ta naɗe duka da tsohon ɗankwalinta.

Da saƙon ya isa, yarinyar ta bugo. Na ji tana dariya, dariyar kuma ba ta yi kama da ta daɗi kaɗai ba.

"Baba, Inna ce ko?"

"Ita ce."

"Hantar da hanjin nake nema, a nan guba take taruwa. Wuta kuma tana kore wani abin. Zan duba wannan ɗin, amma ba zai isa hujja ba." Sannan ta ce, "Kada ka yi mata faɗa."

Na ce ban yi ba.

Ta ce saura hanya ɗaya. Irin gubar da ake kashe kifi da ita ba ta son ruwa, takan lafe a cikin taɓo ta daɗe. Za ta aiko kwalaben gilashi da ta wanke da kanta, kada mu yi amfani da namu, domin a garinmu ba kwalbar da ba ta taɓa ɗaukar wani abu ba. Mu ɗebo taɓon tafkin daga gefen gonata, da tsakiya, da ɗaya gaɓar. Mu kuma ɗebo na wani tafkin da kifinsa bai mutu ba. In zo da ragowar maganin da na fesa, a jaka daban. Ta ce kuma a yi komai a gaban shaida.

Na faɗa wa sarkin ruwa. Ya ce shaidar da ta fi ita ce wanda ya gan ni. Saboda haka maƙwabcina ne ya riƙe kwalaben ina cikawa, shi ya ɗaure kular da igiya, shi kuma aka ce ya raka ni Kano.

Tare muka tashi da shi tun muna yara. Shi mai surutu ne. A mota ya rungume kular a cinya kamar jariri, bai yarda ta bar hannunsa ba ko da aka tsaya salla.

Ya ce, "Kada ka ga laifina. Abin da idona ya gani na faɗa."

Na ce, "Na sani."

"To ka yi magana mana. Tun daga Haɗeja kake zaune kamar turmi."

"Me zan ce?"

"Ka zage ni ma na ji daɗi."

Na ce, "Riƙe kularka."

A Kano yarinyar ta tare mu a ƙofar ɗakin binciken da farar riga a kan kayanta. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta gaishe shi, ta kira shi Kawu kamar yadda ta saba tun tana ƙarama. Sai ya rasa inda zai sa idonsa. Ta ce ya kwance igiyar da hannunsa, ya kuma tsaya ya ga duk abin da za ta yi.

Aikin farko ba na na'ura ba ne, na hannu ne. Ta auna taɓo, ta zuba masa wani ruwa mai ƙarfin wari wanda yake jawo mai da magani daga cikin ƙasa. Ta girgiza, ta tace, ta sake tacewa, ta bar shi ya ƙafe har ya rage kaɗan. Abin ya ɗauki lokaci, sai da muka kwana a Kano. Cikin kwalba guda na taɓo ya koma ɗan ruwa garai-garai a wata 'yar kwalba da ba ta kai ɗan yatsana ba. Ina kallon hannunta. Yadda take riƙe abu da yadda take goge bakin kwalba, hannun uwarta ne sak. Ban faɗa mata ba.

Na'urar akwatuna biyu ce a kan tebur, manne da juna, da tulun gas a gefe, da kwamfuta. Tana wani gurnani a hankali ba tsayawa. Ta ce sunanta mas sifektiromita. Na gwada faɗa, harshena ya ƙi. Ta ce ma'auni ce, in kira ta haka.

Maƙwabcina ya ce, "Ma'auni ba faranti? Me take aunawa?"

Ta ce, "Kawu, kowane abu a duniya, ruwa ne ko mai ko guba, ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani. Kowace irin ƙwaya da nauyinta. Nauyin nan take aunawa."

Wata allura ta sauko da kanta, ta tsotsi abin da bai kai ɗigo ba, ta tsira a akwatin farko. Ta ce a nan zafi yake mai da shi tururi. Ta nuna mana irin bututun da ke ciki, siriri kamar gashin jelar doki, an naɗe shi kamar gammo. Gas yana tura tururin ta cikinsa. Wani abu yakan wuce da sauri, wani yakan yi ta maƙalewa a bango, saboda haka ba sa fitowa tare.

Ta ce, "Baba, in ruwa ya fara shiga fadama, kifi tare suke shigowa?"

Na ce, "A'a. Ƙanana ne a gaba. Manya sai daga baya."

"To haka. Suna shiga a cakuɗe, suna fita ɗaya bayan ɗaya. Kowane da lokacinsa."

Akwati na biyu shi ne ma'aunin. Gurnanin da muke ji famfo ne yake zuƙe iskar da ke ciki, domin kada ƙwayoyin su yi karo da komai a hanya. Duk abin da ya fito daga bututun, sai a harbe shi da tartsatsin lantarki. Harbin yana yin abu biyu: yana sa wa ƙwayar caji yadda lantarki zai iya ja ta ko tura ta, yana kuma fasa ta gutsi-gutsi. Gutsattsarin sai su bi ta tsakanin sanduna huɗu na ƙarfe. Lantarkin da ke jikin sandunan yana barin nauyi ɗaya ne kawai ya wuce a lokaci guda, sauran su kauce su bugi gefe. Sai ya canja, ya bar na gaba ya wuce, haka har a zagaye duka kafin ƙiftawar ido. A ƙarshen hanya akwai abin da yake ƙirga duk wanda ya iso.

Maƙwabcina ya ce, "To in an farfasa abu, ta ina za a gane shi?"

Ta ce, "Kawu, in an cinye tsoka an bar maka ƙaya, ba za ka gane kurungu ne ko karfasa ba?"

"Ko a duhu."

"Kowane sinadari da yadda yake fashewa, kuma kullum haka yake fashewa. Kwamfutar tana riƙe da siffar fashewar dubban abubuwa. Sai ta gwada ta ga da wa ya yi kama. Ni kuma in sake tabbatarwa da ainihin abin."

Kafin ta sa taɓonmu, sai ta sa ruwan wankin nan shi kaɗai, domin a tabbata na'urar ba ta riƙe dattin wani ba. Sannan ta sa ainihin gubar, wadda suke ajiye da ita don gwaji. A fuskar kwamfuta wani tsini ya tashi. Ta taɓa shi, sai ga layuka a tsaye, dogo da gajere. Ta nuna mana wasu da suka jeru kusa da juna kamar haƙoran matsefi. Ta ce gubar tana ɗauke da kulorin, irin wanda ake sa wa ruwan famfo, shi kuma Allah ya yi shi iri biyu, mai sauƙi da mai ɗan nauyi, mai sauƙin ya fi yawa. Saboda haka duk gutsuren da yake ɗauke da shi ba ya tsayawa shi kaɗai, sai da ɗan'uwansa a gefe. Ta ce mu riƙe wannan siffar da wurin da ta fito. Ta yi haka kuma da maganin gonata.

Sannan ta sa taɓon gefen gonata.

Na shiga ruwa da kada a ciki. Na riƙe jirgi a ambaliya da iyalina a kai. Ban taɓa jin tsoro kamar a gaban na'urar nan ba. Wani layi yana tafiya a fuskar kwamfutar a hankali daga hagu zuwa dama, yana ɗan tashi yana sauka. Ta ce waɗannan na ruɓaɓɓen ganye ne. Da ya kusa wurin gubar, maƙwabcina ya miƙe ya kai fuskarsa dab da gilashin. Layin ya wuce a kwance.

Ya ce, "Ko dai ba ta gani ba ne? Taɓo fa baƙi ne."

Ban ji haushinsa ba, ni ma tambayar da ke raina ke nan. Ita ma ba ta ji ba, ta ce tambaya ce mai kyau, kuma ta riga ta shirya mata. Ashe tun jiya ta raba taɓon biyu a gabansa, ta ɗiga wa rabi guba 'yar mitsitsiya, wadda aka surka aka sake surkawa. Ta sa wannan. Tsinin ya tashi a daidai wurinsa, da haƙoran matsefinsa.

Ta ce, "Ka gani, Kawu. In tana nan, za ta kama ta."

Na tsakiya ma babu, na ɗaya gaɓar ma babu.

Na ce, "Maganina fa?"

Ta dube ni. Ta ce, "Shi akwai, Baba."

Ta ƙara girman hoton sosai, sai ga wani ɗan tsini kamar ƙwayar gero. Na buɗe baki zan yi magana. Ta ce in dakata. Ta kawo na ɗaya tafkin, wanda ba ni da gona kusa da shi, kifinsa kuma yana nan lafiya. Ga ɗan tsinin nan, kusan tsayi ɗaya. Ta ce wannan bai kai ko kusa da abin da zai kashe kifi ba, kuma ba na mutum ɗaya ba ne. Duk mai shinkafa a fadamar yana fesa irinsa.

Ta ce, "Kawu, kai wane iri kake fesawa?"

Ya sosa ƙeya. Ya ce, "Shago ɗaya muke saye."

Na tambaye ta to me ya kashe kifin. Ta ce ba za ta yi mana ƙarya ba, na'urar tana faɗin abin da ke cikin kwalba ne, cikin abubuwan da ta nema, ba ta faɗin abin da ya faru a tafki. Amma ta tambaya ko tarwaɗa ta mutu. Muka ce a'a. Ta tambaya ko an zuba ciyawa mai yawa a ruwan. Muka dubi juna. Kafin abin ya faru gari ya yi gayya, mun sare kacala, doguwar ciyawar nan da ta toshe bakin tafkin, muka bar ta a ciki. Ni da shi muna cikin waɗanda suka fi sara. Ta ce ciyawa in tana ruɓewa takan cinye iskar da ke cikin ruwa, balle da zafi, kuma da asuba abin ya fi tsanani. Tarwaɗa tana iya shaƙar iskar sama, karfasa ba ta iyawa. Ta ce zato ne mai ƙarfi, amma zato ne.

Mun miƙe za mu fita sai ta ce akwai saura. Ta buɗe hoton bandar da aka aiko mata. Wannan ba layi ba ne, daji ne. Tsini a kan tsini, ba masaka tsinke.

Ta ce, "Duk wannan hayaƙi ne. Guba ban gani ba, amma da wannan kaɗai ba zan iya rantsuwa ba." Ta taɓa wani dogo da ya fi na kusa da shi. "Wannan kuma kanumfari ne. Yajin ya zube a kan kifin a hanya. Ba wanda yake cika kanumfari a yaji kamar Inna. Ina ganinsa na ce ga ta nan."

Ta daɗe tana kallonsa. Ta ce tun tana makaranta, in ƙulli ya zo, kafin ta kwance takan sa hanci ta shaƙa. Sai ta cire safar hannunta ta ce mu fita, ba a cin abinci a ɗakin.

A ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya ta shimfiɗa ɗankwalin uwarta, ta kwance ragowar bandar da ta adana a firji. Ta yi bisimilla ta ɓalli tsoka ta dangwali yaji. Na ci. Maƙwabcina ya dubi kifin, ya dube ni. Ya ɗauki mafi girma.

Ya ce, "Wallahi matarka ta iya banda. Kai ne dai ba ka iya ba da saƙo ba."

Da muka dawo ban buɗe baki a zauren sarkin ruwa ba. Maƙwabcina ne ya yi maganar duka, har da kwaikwayon gurnanin famfo, da yadda allura take saukowa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, na gani da idona, kuma na ci kifin da bakina, ga ni." Ya faɗi zancen kacala. Tsofaffi suka gyaɗa kai, wani ya ce ya taɓa ganin haka yana yaro. Sarkin ruwa ya ce daga yau in an sare kacala a jawo ta tudu, kuma kada a ƙara wanke injin feshi kusa da ruwa, ko na wane ne. Sannan ya tashi da kansa, ya ɗauko gorana, ya goge ƙurar da hannun rigarsa, ya miƙo min.

A gida na tarar da matata a bakin murhu. Ta ga goran a kafaɗata, ta ce alhamdu lillahi, ta ci gaba da aikinta.

Na ce, "An ga kanumfarinki a Kano."

"Wa ya gani?"

"Ita. A cikin na'urar. Ta ce tana gani ta san ke ce."

Ba ta ɗago ba. Ta gyara itace, ta sake gyara wanda ta riga ta gyara.

Ta ce, "Ta ci?"

"Ta ci."

Ta shiga ɗaki ta daɗe.

Su ɗin shekarar bai yi albarka ba, tarwaɗa ce kawai da 'yan kurungu. Amma na hau gorana na shiga tare da kowa, maƙwabcina yana gefena yana surutu yana korar min kifi. Da yamma na juye abin da na samu a tsakar gida, matata ta zauna tana ware manya gefe guda. Na san wa take ware wa. Sai ga waya, yarinyar ce tana tambayar yadda aka tashi. Wannan karon uwarta ba ta bar wurin ba. Ta juya wa wayar baya, ta fuskanci bango, ta ɗaga murya.

"A tambayi mutanen Kano, ɗanye suke so ko banda?"

Kafin in maimaita, muryar ta fito daga wayar.

"Banda, Inna. A cika yaji."

Ta ce da bangon, "To." Ta jawo wuƙa.